Daga Na'ibawa zuwa bakin teku: Yadda ma'aikaci zai shirya hutun mako guda ba tare da cin bashi ba

Kusan duk abin da ke juya injinan Sharada, Challawa da Bompai ya bi ta teku kafin ya iso Kano. Ƙwayar robar da ake narkawa, sinadaran jima, kayan gyaran injina, duk a tashoshin jiragen ruwa irin su Apapa da Tin Can da ke Legas ake sauke su. Fatar da aka jeme a Challawa ita ma ta can take fita zuwa Italiya da Sifaniya. A watan Janairun 2023 har tashar sauke kaya ta kan tudu aka ƙaddamar a Zawaciki, wato tashar Dala.

Duk da haka, da yawa daga cikin masu aiki a waɗannan kamfanoni ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, sai dai a waya. Idan aka yi zancen hutu a bakin ruwa, abin da ke zuwa ran mutane shi ne Dubai, ko kuma wani sha'ani na masu hannu da shuni.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma mafi sauƙin kaiwa daga Kano ita ce ta jihar Legas. Mutum zai iya shirya wa kansa wannan tafiya ba tare da kamfanin yawon buɗe ido ba. Sharaɗin shi ne ya san inda zai tsuke aljihu, ya kuma san inda tsuke aljihun zai iya jawo asarar rai.

Kwana shida da doka ta ba ka

Kafin kuɗi, lokaci ake fara nema. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce duk ma'aikacin da ya yi wata 12 a jere yana aiki, yana da haƙƙin hutun aƙalla kwanakin aiki shida, kuma da cikakken albashinsa. Ana iya ɗage hutun idan ɓangarorin biyu sun amince, amma kada a wuce wata 24. Dokar ta kuma hana a ba ma'aikaci kuɗi a madadin hutun matuƙar yana kan aikinsa.

Ga wanda ke aiki daga Litinin zuwa Asabar, kwana shida da Lahadi biyu sun zama kwana takwas. Wannan ya isa a je a dawo.

Masu aikin wucin gadi, waɗanda ake ɗauka ta hannun 'yan kwangila ko ake biya kullum-kullum, su lissafinsu daban ne. Duk ranar da ba su fito ba babu ko sisi, don haka sai su sanya ladan waɗannan kwanaki a cikin abin da tafiyar za ta ci. Kowane rukuni mutum yake, ya nemi izini a rubuce tun da wuri. Ba hikima ba ce a dawo daga hutu a tarar an maye gurbi.

Wane wata ya fi dacewa?

Daminar Legas ta fi ta Kano tsawo. Ruwa kan kankama tun Afrilu, ya yi ƙarfi sosai a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A tsakiyar damina tituna na cika da ruwa, teku kuma kan yi fushi.

Disamba babu ruwan sama sosai, amma shi ne watan tsada. 'Yan Najeriya mazauna ƙasashen waje na dawowa gida, bukukuwa na yawaita, kuɗin otal da na mota na tashi.

Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne Nuwamba, ko daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Maris. A kuma duba kalandar Musulunci. Gab da Sallah jama'a na tururuwa daga Kudu zuwa Arewa, bayan Sallah kuma su juya. Wanda ya saka tafiyarsa a cikin wannan turmutsitsi zai biya kuɗin mota fiye da kima.

Hanya ce ke cin kuɗin

Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kilomita kusan 1,000, kuma ita ce za ta lashe kaso mafi girma na guzuri, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Zaɓi na farko shi ne manyan motocin safa da ke tashi daga Sabon Gari kai tsaye zuwa Legas. Sun fi sauƙin kuɗi, domin babu kwanan hanya da za a biya. Sai dai tafiyar kan ci kusan yini da kwana, kuma wani babban ɓangare nata cikin dare ake yin sa.

Zaɓi na biyu shi ne a raba tafiyar gida biyu. A hau mota da sassafe a tashar Na'ibawa zuwa Abuja, a kwana, washegari da asuba a kama hanyar Lakwaja, Okene da Ibadan zuwa Legas. Wannan ya fi tsayi, ya kuma fi tsada, amma yawancinsa da rana ne. Wanda ke da ɗan'uwa a Suleja, Zuba ko Mararaba ya huta da kuɗin masaukin wannan dare.

Jirgin ƙasa na iya shiga lissafi a wurare biyu. Akwai na Kaduna zuwa Abuja, daga Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara aiki a 2016. Akwai kuma na Ibadan zuwa Legas da aka buɗe a 2021, mai tashi daga Moniya ya ƙare a Ebute Metta. Jiragen ba su da yawa a rana, saboda haka a duba lokutan tashinsu kafin a dogara da su.

Akwai zaɓi na uku da bai kamata ma a kira shi zaɓi ba: hawa saman tirelar shanu ko ta hatsi. Arha ce, amma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kai, kuma idan irin wannan mota ta kife, gawarwaki ake kwasa da yawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan hanya, araha na iya hana mutum komawa ga iyalinsa.

Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16 'yan Arewa da ke kan hanyarsu ta komawa gida. Wannan ba hanyar Legas ba ce, amma fargabar da abin ya bari gaskiya ce. Abin da matafiyi ke da iko a kai shi ne ya shiga mota a cikin tasha, ya rubuta sunansa da lambar wani nasa a takardar fasinjoji, ya riƙe shaidar ɗan ƙasa da katin wurin aikinsa, ya kuma tura wa na gida lambar motar.

Masauki: zumunci a ƙafa yake

Bahaushe ba baƙo ba ne a Legas. Tun a 1863 Turawan mulkin mallaka suka kafa wata 'yar rundunar Hausawa a birnin, wadda sojojin Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensu. Fataucin goro da na shanu kuma ya kafa zango-zango da har yau suke nan. Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 duk akwai Hausawa jingim, da masallatai, da masu tuwo da masu shayi.

Amfanin wannan ga mai hutu a bayyane yake. Idan akwai ɗan'uwa ko abokin da zai ba da wurin kwana, an rage babban nauyi. Sai dai a sanar da shi tun da wuri, a faɗi kwana nawa za a yi, a kuma tafi da tsaraba. Ɗaki a Legas ba kamar ɗaki a Kano ba ne, mutum biyar na iya raba ciki ɗaya.

Idan babu, a nemi ƙaramin otal a ɓangaren tudu, irin su Agege, Yaba ko Surulere. Unguwannin tsibiri kamar Victoria Island, Ikoyi da Lekki sun fi kusa da ruwa, amma kuɗin dare ɗaya a can zai iya biyan darare da dama a wancan ɓangare. Kada a tura wa kowa kuɗin ɗaki saboda hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp. A je a ga ɗakin, a buɗe famfo, a tambayi lokacin da ake tayar da janareta, sannan a biya.

Tafiyar mutum uku ko huɗu ta fi ta mutum ɗaya sauƙi. Za a raba kuɗin ɗaki da na ɗan jagora, sannan idan ana bakin ruwa akwai mai tsaron kaya.

Zirga-zirga a cikin gari

Yanzu Legas na da jiragen ƙasa na cikin gari guda biyu. Shuɗin layi, daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023. Jan layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya fara a Oktoban 2024, kuma yana tsayawa a Agege. Da katin Cowry ake biya, shi ne kuma ake amfani da shi a motocin BRT. Wanda ya saye shi a ranar farko ya huta da cinikin kuɗin mota da neman canji.

A yi hattara da acaɓa. Tun 2022 gwamnatin jihar ta haramta shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Tsibirin Legas, kuma hukuncin na hawa kan direba da fasinja. Ko da ɗan acaɓan ya yi maka Hausa, hakan ba zai hana kamu ba.

Tarkwa Bay: inda ya kamata a fara

Wanda ya ji labarin Bar Beach daga bakin iyaye, ya sani cewa babu shi yanzu. An cike wurin da yashi, an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. A Afrilun 2024 kuma aka rushe wurin shaƙatawa na Landmark saboda aikin titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba. Yawancin wuraren da suka rage a Lekki, irin su Elegushi, na 'yan kasuwa ne. Akwai kuɗin shiga, akwai na kujera da rumfa, wasu ma ba sa barin a shiga da abinci daga waje.

Ga wanda bai taɓa ganin teku ba, Tarkwa Bay ya fi dacewa. Yana bakin mashigar tashar jiragen ruwa, kuma katangar duwatsun da aka yi don kare mashigar tana karya ƙarfin igiyar ruwa. Mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa daga Marina ko Victoria Island, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Daga nan mutum zai ga manyan jiragen dakon kaya suna wucewa zuwa Apapa, kwantena bisa kwantena. Ma'aikacin Sharada da ya saba ganin kwantena ɗaya a bayan tirela zai ga ɗaruruwa a kan jirgi guda.

A je a ranar aiki, da safe. Asabar da Lahadi wuraren nan na cika da kiɗa da shaye-shaye, abin da mai iyali ba zai so ba, kuma komai na ƙara kuɗi. A yi ciniki kafin a zauna a kujera, kafin a hau doki, kafin a ɗauki hoto. A tambayi lokacin jirgin ƙarshe, a kuma dawo tun rana na sama.

Badagry: teku da tarihin da ya shafe mu

Idan kuɗi ba zai kai wurare da yawa ba, Badagry ce ta cancanci kwana ɗaya. Tana yamma da Legas, kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, kuma ana samun motarta daga Mile 2. Masauki da abinci sun fi sauƙi a can, garin kuma ya yi suna wajen noman kwakwa.

Badagry na cikin tashoshin da aka riƙa fitar da bayi zuwa nahiyar Amurka. A cikin waɗanda aka tsallaka da su daga wannan yanki har da Hausawa, kuma tarihin Brazil ya adana labarin yunƙurin tawayen da bayi Hausawa suka shirya a Bahia a 1807.

Wuraren gani suna kusa da juna, ana iya zaga su da ƙafa. Akwai gidan tarihin Badagry, a wani gini na 1863. Akwai gidan adana kayan bauta na iyalin Mobee, inda ake nuna sarƙoƙi da mari. Akwai gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Gidan na da ƙananan ɗakuna 40 da aka riƙa tsare mutane a ciki. Sarautarsa ta "Seriki" kuwa kalmar "Sarki" ce ta Hausa da ta shiga bakin Yarabawa. Sai kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake yi wa laƙabi da bene na farko a Najeriya, ko da yake Bakano da ya san soraye da benayen ƙasa na birni zai iya yin gardama.

Daga bakin garin ake tsallaka ruwa a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, sannan a taka cikin yashi har zuwa wurin da ake kira Point of No Return, wato inda ba a dawowa. A nan teku ke buɗe, babu katanga, babu komai a gaba sai ruwa.

Akwai wata alaƙar kuma. A Disamban 1825 Baturen nan Hugh Clapperton da hadiminsa Richard Lander suka tashi daga Badagry suka nufi Arewa. Sai a Yulin 1826 suka iso Kano, kuma a Sakkwato Clapperton ya rasu a Afrilun 1827. Tafiyar da ta ci musu wata bakwai ita ce yau ake yi a kwana biyu.

Hanyar Badagry hanyar iyaka ce, cike take da shingayen kwastan da na jami'an shige da fice. A riƙe katin shaida a kusa. Kada kuma arhar shinkafar waje ta ja hankali, domin za a iya ƙwace ta a shinge na gaba.

Teku ba Tiga ba ce

Wanda ya iya iyo a dam ɗin Tiga, ko a kogin Challawa, ko a kududdufin unguwa, kada ya ɗauka ya san ruwa. Gaɓar Legas na da igiyoyi masu ƙarfi, ga kuma wani jan ruwa da ke komawa ciki da gudu ta wata siririyar hanya. Abin ruɗarwar shi ne wurin kan yi kama da inda ya fi kwanciya: ruwa mai duhu, babu kumfa, tsakanin igiyoyi biyu masu fashewa.

Wanda bai ƙware ba kada ruwa ya wuce gwiwarsa. Doguwar riga da zane na yin nauyi idan sun jiƙe. Kada a juya wa teku baya don ɗaukar hoto, kada kuma a saki hannun yaro. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya yi ƙoƙarin zama a saman ruwa, ya ɗaga hannu, idan zai iya iyo ya bi ta gefe har ya fita daga jan.

A jirgin ruwa kuwa, rigar kariya dole ce a dokar hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Legas. Jirgin da babu riguna, ko wanda aka cika fiye da kima, ko mai tashi bayan magariba, a bar shi ya tafi ko da kyauta ne.

Yadda kwanakin za su kasance

Lahadi: Na'ibawa zuwa Abuja.

Litinin: Abuja zuwa Legas.

Talata: Tarkwa Bay, a dawo da la'asar.

Laraba: a tafi Badagry da sassafe, a zaga gidajen tarihi, a kwana.

Alhamis: Gberefu da safe, a koma Legas.

Juma'a: Babban Masallacin Legas, sai tsaraba a kasuwar Balogun da ke kusa da shi.

Asabar da Lahadi: hanyar gida.

Wanda ke son ya huta kwana ɗaya kafin ya koma bakin inji, sai ya cire Juma'ar ya kamo hanya.

Lissafin aljihu

Kuɗin mota na sauyawa da farashin mai, don haka a leƙa tasha a tambaya mako biyu kafin tafiya, a sake tambaya ana jibi. Daga nan a raba guzuri kashi biyar: hanya zuwa da dawowa, masauki, abinci da zirga-zirga, kuɗin shiga wurare da na jirgin ruwa, sai na ko-ta-kwana. Kuɗin dawowa a ware shi a wani asusu dabam, kada a taɓa shi ko da me aka gani a Balogun.

Abinci na cikin inda ake samun sauƙi. Ƙilishi, dambun nama, soyayyar gyaɗa, garin kwaki da sukari ba sa lalacewa a hanya. Kumallo a wurin mai shayi, abincin dare a unguwar Hausawa, sai a bar kuɗin marmari ga gasasshen kifi da ruwan ɗanyar kwakwa a bakin teku.

Batun tara kuɗin kuwa, misali ɗaya ya isa. Wanda ya ajiye naira 15,000 duk wata zai haɗa 150,000 a wata goma. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya haura kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake samu, kuma mai iyali ba zai iya ba. Sai ya rage adadin ya ƙara watanni, ko ya shiga adashi da abokan tafiyarsa su nemi kwasar ƙarshe, ko ya jingina tafiyar da kuɗin ƙarin lokaci. Abin da bai dace ba shi ne cin bashi, musamman daga manhajojin ba da rance na waya masu ɗora ruwa mai yawa. Hutun mako guda bai kai a yi wata shida ana biyansa ba.

Idan lissafi bai kai bana ba, teku na nan baɗi. Wanda ya fara ajiya a Maris, ya miƙa takardar neman hutu a Satumba, zai iya tsayawa a Gberefu a Nuwamba, kuɗin motar komawa Na'ibawa na cikin asusunsa.